GLOW: tambayoyi da amsoshi kan shirin matan resilin na Netflix

Shirin GLOW ya fito a Netflix daga 2017 zuwa 2019, kuma har yau akwai masu cin karo da shi suna tambaya ko ya kai a ƙona masa data. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi. Wanda bai kalla ba, kuma ba ya son a ɓata masa labari, ya yi hattara, domin daga tsakiyar shafin nan an faɗi abubuwan da suka faru a zango na biyu da na uku.

Wane irin shiri ne GLOW?

Shiri ne mai dogon zango na Amurka, wanda ya haɗa barkwanci da labarin rayuwa. Mata biyu, Liz Flahive da Carly Mensch, su suka ƙirƙiro shi, Jenji Kohan kuma tana cikin manyan furodusoshinsa. Zango na farko ya fito ranar 23 ga Yuni, 2017, na biyu a Yunin 2018, na uku a Agustan 2019. Kowane zango kashi goma ne, jimilla talatin, yawancinsu kuma ba su wuce rabin awa da ɗan abu ba.

Labarin ya fara a birnin Los Angeles a 1985. Wata 'yar fim mai suna Ruth Wilder, wadda Alison Brie ta fito a matsayinta, ta sha yawon neman aiki har kuɗin haya na neman gagararta. Sai aka tura ta wani gwaji da aka ce ana neman mata waɗanda ba irin na kullum ba. Ta je ta tarar da tsohon ɗakin atisaye da dandamali mai igiyoyi a tsakiya, da wani darakta mai baƙar magana yana cewa shirin resilin na mata zalla zai yi wa talabijin. Kusan duk matan da suka hallara babu wadda ta taɓa ɗaga wani ta kayar. Neman abinci ne ya tara su.

Labarin gaskiya ne ko ƙirƙira?

Tushen gaskiya ne, mutanen ciki ƙirƙira ne. An yi wani shiri na haƙiƙa mai wannan suna, wato Gorgeous Ladies of Wrestling, wanda David McLane ya kafa, ya fara fita a talabijin a 1986. A otal ɗin Riviera da ke Las Vegas aka fara ɗaukarsa, mai otal ɗin, attajiri Meshulam Riklis, shi ya zuba kuɗi, Matt Cimber kuma shi ne darakta. Ya yi zango huɗu, sannan ya mutu farat ɗaya bayan mai kuɗin ya janye hannunsa.

A 2012 aka fitar da wani fim na tarihi a kan waɗancan matan, wanda Brett Whitcomb ya shirya. Shi ne Flahive da Mensch suka kalla har tunanin yin nasu shirin ya zo musu. Ba su ɗauko rayuwar kowace mace ɗaya sun kwafa ba, amma wanda ya san tsohon shirin zai ga kamanni. Na asali yana da 'yar Rasha mai suna Colonel Ninotchka, na Netflix yana da Zoya. Na asali yana da ƙatuwar mace mai fara'a da yara ke so, Mountain Fiji, na Netflix yana da Machu Picchu. Ursula Hayden, wadda ta yi wasa a tsohon shirin daga baya ta mallaki sunan, ta yi aiki da masu sabon a matsayin mai ba da shawara.

To ai resilin shiri ne, an san wanda zai ci tun kafin a hau. Me za a kalla a ciki?

Wannan ita ce tambayar da shirin kansa ya fi ɓata lokaci wajen amsawa, kuma ya amsa ta da kyau. Eh, an tsara wanda zai yi nasara. An tsara wanda zai fito a ekta da wanda zai fito a bos. Amma faɗuwar da ake yi ta gaske ce, katakon dandamalin na gaske ne, kuma idan abokiyar wasanki ta saki wuyanki ba daidai ba, asibitin da za a kai ki ma na gaske ne. Abin da mai kallo ke ɗauka faɗa ne, a wajen masu yi riƙon amana ne. Wadda ake jefarwa ita ce ke yin rabin aikin, ta yi tsalle a daidai lokaci, ta faɗi da faɗin bayanta, ta yi ihu kamar an karya ta. Wadda ke jefarwa kuma aikinta ta tabbatar 'yar'uwarta ta sauka lafiya.

Akwai wani kashi a zango na farko inda Debbie, ɗaya daga cikin manyan jaruman shirin, wadda ke raina harkar gaba ɗaya, ta bi abokan aikinta biyu kallon resilin na maza. Ta zauna a taƙure tana yatsina, har Carmen, ɗaya daga cikin su biyun, ta fara yi mata bayanin wane ne ya ƙwace wa wane budurwa, wane ne ya ci amanar wane. Nan take fuskarta ta canza. Ta gane cewa irin wasan kwaikwayon soyayya da makirci ne da ta saba yi a talabijin, sai dai a nan da jiki ake faɗin maganar. Daga ranar ta fara koyo da gaske. Mai kallon da ya shigo da raini, yawanci shi ma a nan yake sauka daga kan bakansa.

Me ya haɗa Ruth da Debbie?

Cin amana. Aminan juna ne na ƙut da ƙut. Debbie Eagan, wadda Betty Gilpin ta fito a matsayinta, ta taɓa yin suna a wani shirin talabijin, ta bar aiki ta yi aure ta haifi ɗa namiji. Ruth kuma ta bi mijin ƙawarta, ba sau ɗaya ba. Da Debbie ta gano, sai ta taho har ɗakin atisayen da jariri a hannu, ta miƙa wa wata shi, ta haye dandamali ta rufe Ruth da duka a gaban kowa. Darakta yana tsaye yana kallo, abin da ya gani kuwa kasuwa ce: ga jaruma fara mai farin gashi da Amurkawa za su so, ga kuma wadda za su tsana.

A ganina wannan shi ne ƙashin bayan shirin, ba resilin ba. Mata biyu da ba sa ga-maciji, amma kowace rana dole ɗaya ta miƙa wuyanta a hannun ɗayar. Marubutan ba su yi gaggawar sulhunta su ba, kuma ba su wanke Ruth ba. Ta yi laifi, ta san ta yi, tana ta rawar jiki a yafe mata, har rawar jikin nata kan ba mutum haushi. Debbie kuma, da ita aka zalunta, ba a mayar da ita waliyyiya ba. Tana da girman kai, tana da mugunta idan ta samu dama.

A zango na biyu abin ya kai ƙarshe. Debbie, aurenta ya mutu, ta sha abin da ya gusar mata da hankali kafin wasa, ta murɗe ƙafar Ruth a dandamali har idon sawun ya karye. Kashin da ya biyo baya kusan duk a asibiti aka yi shi, kuma a ɗakin jinyar ne suka zazzage wa juna abin da kowacce ta daɗe tana haɗiyewa. Idan za a nuna wa mutum wuri ɗaya don ya san ƙarfin 'yan wasan biyu, wannan ne.

Me ya sa jarumar shirin ce ke fitowa a bos?

Domin a resilin, bos ne ke riƙe da wasa. Ekta ba ya samun tafi sai an samu wanda jama'a suka tsana har suna neman jifansa. Ruth ta zo da burin zama babbar 'yar wasan kwaikwayo mai faɗin manyan kalamai. A farkon shirin ma an nuno ta a wajen gwaji tana karanta layin namiji da gangan, saboda layin da aka ware wa mace bai wuce sakatariya ta leƙo ta ce ana kiran oga a waya ba. Ta daɗe tana laluben halin da za ta ɗauka a dandamali, har ta faɗa kan Zoya, 'yar Tarayyar Sobiyet mai hular gashi da kaushin murya, mai zagin Amurka da duk abin da Amurkawa ke taƙama da shi. Lokacin yaƙin cacar baka ne, Ronald Reagan yana mulki, don haka ba a buƙatar dogon bayani kafin 'yan kallo su fara ihu. Debbie kuma ta zama Liberty Belle, uwa ta gari mai tutar Amurka a jiki.

Abin dariyar shi ne, Ruth da a rayuwa take neman kowa ya so ta, sai ga shi ba ta taɓa samun 'yanci irin na lokacin da ɗaki guda ke tsine mata ba.

Sunayen da ake laƙaba wa matan ba cin fuska ba ne?

Cin fuska ne, kuma shirin ya sani. Haka resilin na wancan zamani yake: a dubi launin fatarki ko asalinki, a ɗauko mafi munin abin da jama'a ke faɗa a kan irinku, a ce shi za ki saka. Arthie, ɗalibar likitanci 'yar asalin Indiya, aka ce ta fito a 'yar ta'adda daga Beirut, babban birnin Lebanon, ƙasar da ba ta da alaƙa da ita ko ta kusa. Jenny, wadda iyayenta suka fito daga Kambodiya, aka mayar da ita 'yar Sin mai takobi da gurɓataccen Turanci. Tammé, baƙar fata da ta yi ayyuka iri-iri ta riƙe ɗanta, aka sa mata Welfare Queen, wato matar da ke kwance tana cin tallafin gwamnati, wani zagi da Reagan ya yayata tun yaƙin neman zaɓensa na 1976.

Darakta yakan kare kansa da cewa ai ba'a ake yi wa masu irin wannan tunani. Shirin bai bar shi ya tsira da wannan hujja ba. A wasan farko da aka ɗauka, wasu 'yan kallo suka rinƙa zagin Arthie da gaske har da jifa, ta sauko jikinta na ɓari, don ta ga cewa su ba wasa suka ɗauke shi ba.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne kashi na huɗu a zango na biyu. Ɗan Tammé yana karatu a jami'ar Stanford, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka, bai san takamaiman aikin da uwarsa ke yi ba. Ya matsa sai ya zo ya gani. Ya zauna cikin taro yana kallon Turawa suna yi wa mahaifiyarsa ihu ta je ta nemi aiki, matar da ya san ba ta taɓa zama ba aiki ba. Kyamara ta tsaya a fuskarsa, ta koma fuskarta lokacin da ta hango shi. Duk da haka Tammé tana son aikin, ta iya shi, kuma shi ne karo na farko da aka san ta da wani abu nata. Shirin ya bar abubuwan biyu a tsaye, bai zaɓar wa mai kallo ɗaya ba.

Sai dai akwai ƙorafi daga cikin gida. A 2020, shida daga cikin 'yan wasan da ba farare ba, wato Sunita Mani, Sydelle Noel, Britney Young, Kia Stevens, Ellen Wong da Shakira Barrera, sun rubuta wa masu shirin wasiƙa suna cewa ana taɓo matsalolin halayensu sama-sama ne a koma kan fararen jarumai. An ce an karɓi kokensu, an yi niyyar gyara a zango na huɗu. Wanda ya kalli shirin da idon basira zai ga suna da gaskiya, musamman a yadda labarin Cherry, wata baƙar fata cikin matan, da na Jenny ke bayyana ya ɓace.

'Yan wasan da kansu suke yin faɗuwar, ko wasu ake sakawa?

Mafi yawa da kansu suke yi. Kafin kowane zango sukan yi makonni suna atisaye a hannun Chavo Guerrero Jr., ɗan gidan resilin da ya yi suna a WWE, babban kamfanin resilin na Amurka. Wani abin sha'awa, baffansa Mando Guerrero shi ne ya horar da matan GLOW na asali a shekarun 1980. Mai tsara faɗuwa da tsalle-tsalle ita ce Shauna Duggins.

A cikin manyan 'yan wasan, ɗaya ce kawai 'yar resilin ta gaske: Kia Stevens, mai fitowa a Tammé, wadda masu bin harkar suka sani da Awesome Kong, ko Kharma a WWE. Ita nata aikin ya zama akasin na sauran, dole ta yi kamar ba ta iya ba. Akwai kuma 'yan resilin maza da suka leƙo, irin su John Morrison da Carlito, shi ma Chavo ya hau dandamali a ƙarshen zango na biyu.

Abin da na fi so a nan shi ne ba a yi ha'inci wajen nuna koyo ba. A farko matan ba su iya komai ba, faɗuwarsu abin kunya ce, kuma an bar ta a haka. Sannu a hankali ake ganin ƙafa na daidaita.

Su wane ne mazan da ke cikin labarin?

Biyu ne manya. Sam Sylvia, wanda ɗan barkwanci Marc Maron ya fito a matsayinsa, shi ne daraktan shirin matan; asalinsa daraktan ƙananan finafinan tsoro ne da kasuwarsa ta mutu, ga shaye-shaye, ga baki ba linzami. Ya karɓi aikin ne don a ba shi kuɗin wani fim da ya daɗe yana mafarki, na mutumin da ya koma baya a zamani ya haɗu da uwarsa tana budurwa. Ana cikin haka aka gaya masa ai an riga an yi irinsa, yana sinima ma a shekarar, sunansa Back to the Future. Daga baya kuma ya gano cewa wata yarinya cikin 'yan wasansa, Justine, 'yarsa ce da bai san da ita ba.

Na biyu shi ne Bash Howard, ɗan masu kuɗi da ke kashe dukiyar gidansu a kan resilin, har uwarsa ta toshe masa aljihu. Da farko kamar sakarai ne mai abin dariya. Daga baya labarinsa ya yi duhu, bayan rasuwar amininsa Florian da cutar ƙanjamau, a zamanin da ko gidajen shirya gawa na gudun masu ita.

Barkwanci ne ko labarin tausayi?

Duka biyu, wani lokaci a cikin minti ɗaya. Akwai kashi guda a zango na biyu da aka yi shi gaba ɗaya kamar kana kallon shirin matan a talabijin na 1980 da wani abu, da waƙoƙinsa na shirme da labarin tagwayen Zoya, ta kirki da muguwa. Dariya zalla. A zangon dai kuma akwai inda shugaban tashar talabijin ya gayyaci Ruth ɗakin otal da sunan maganar aiki, ta fahimci abin da yake nufi ta gudu, aka hukunta shirin gaba ɗaya ta hanyar mayar da shi ƙarfe biyu na dare. Da ta gaya wa Debbie, maimakon ta tausaya mata sai ta hau ta da faɗa, wai ai akwai yadda mace ke lallaɓa irin waɗannan mutane ba tare da ta jawo wa kowa asara ba. Kashin ya fito a 2018, ana tsakiyar fallasar manyan Hollywood masu irin wannan hali, kuma bai sauƙaƙa wa kowa ba da ya sa maganar a bakin mace.

Za a iya kallonsa da iyali?

A'a. Na manya ne, kuma haka Netflix ta yi masa alama. Akwai tsiraici a wasu wurare, akwai ashar, akwai shan hodar iblis da giya, kayan wasan matan kuma matsattsu ne irin na resilin. Labarin ya taɓo zubar da ciki a zango na farko, ya kuma taɓo soyayyar jinsi ɗaya a na biyu da na uku. Wanda waɗannan abubuwa ba su dace da shi ba, gara ya sani tun yanzu. Ba shirin da za a kunna a falo yara na zaune ba ne.

Yana da kama da kokawarmu ta gargajiya?

Ko kusa. Kokawar da ake yi a Sakkwato ko Kabi, ko gasar takobi ta ƙasar Nijar, gasa ce ta gaske: babu wanda ya san mai kayarwa sai ƙasa ta shaida. Resilin wasan kwaikwayo ne da ake yi da ƙarfin jiki. Inda suka ɗan haɗu shi ne wajen kirari da cika baki kafin a gwabza, don su ma matan GLOW kowacce tana da nata salon fitowa da kalaman da take zuga taro da su.

Me ya sa wasu ke cewa zango na uku ya yi sanyi?

Domin resilin ya ragu a cikinsa. An rufe shirin talabijin ɗin, matan suka koma Las Vegas suna yin wasa ɗaya tak kowane dare a wani otal mai gidan caca, ƙarƙashin wata manaja da Geena Davis ta fito a matsayinta. Wasa ɗaya, faɗuwa ɗaya, dare bayan dare. Gajiya da gundura su ne jigon zangon, kuma yana da wuya a nuna gundura ba tare da an ɗan gunduri mai kallo ba.

Amma buɗewarsa tana da ƙarfi. Ranar 28 ga Janairu, 1986, Ruth da Debbie suna wata tashar talabijin kai tsaye suna tallar wasansu, ana nuna tashin kumbon Challenger. Ruth tana cikin halin Zoya, tana zuba wa kumbon Amurka ba'a, ba ta lura ba ya tarwatse a sama da mutum bakwai a ciki. Tana ta zuba, kowa ya yi tsit.

A zangon ne bayan Tammé ya fara gazawa tana ɓoyewa don kada a cire ta. A nan ne Sheila, wadda tun farko take rayuwa cikin shigar kyarkeci ba dare ba rana, ta ajiye kayan. A nan ne kuma, a wani zama da suka yi cikin hamada, Jenny ta ba da labarin yadda danginta suka tsere wa kisan kiyashin Kambodiya, tana gaya wa ƙawarta Melrose, Bayahudiya, dalilin da ya sa kwaikwayon muryarta ba abin dariya ba ne a wajenta. Ni dai ina ganin zango na biyu ya fi kowanne, na uku kuma ya fi yadda ake faɗa.

Ya samu lambobin yabo?

Ya samu, ko da yake ba manyan ba. An sa shi takarar Emmy, babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka, a rukunin gwarzon shirin barkwanci a 2018. Betty Gilpin ta shiga takara sau uku a jere, 2018 da 2019 da 2020, ba ta ci ba. Shauna Duggins ta ci Emmy ta tsara faɗuwa a 2018, mace ta farko da ta ci a wannan rukuni, ta sake ci a shekarar da ta biyo.

Shirin ya canza wani abu a resilin na mata?

Zai yi wuya a ce shi ya canza, don guguwar ta riga ta taso kafin ya fito. Amma lokacinsu ya zo ɗaya. A Oktoban 2018 WWE ta yi babban wasanta na farko na mata zalla mai suna Evolution, a 2019 kuma mata suka yi babban wasan ƙarshe na WrestleMania, taron WWE mafi girma na shekara, a karon farko, da Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair. Abin da GLOW ya yi shi ne jawo mutanen da ba su taɓa kallon resilin ba, da kuma tuna wa duniya matan 1986 da aka manta da su. Ɗaya daga cikinsu, Lisa Moretti, wadda ta yi wasa da sunan Tina Ferrari kafin ta zama Ivory a WWE, an saka ta a jerin gwarazan kamfanin a 2018. Emily Dole, wato Mountain Fiji, ta rasu a farkon wannan shekarar bayan doguwar jinya. Ursula Hayden ta rasu a 2022.

Me ya sa babu zango na huɗu?

Annobar korona. A Satumban 2019 Netflix ta sanar da cewa za a yi zango na huɗu, kuma shi ne na ƙarshe. An fara ɗauka a farkon 2020, an gama kashi ɗaya, sai aka rufe komai a watan Maris. A Oktoban 2020 kamfanin ya ce ya fasa. Dalilan da aka bayar su ne yawan 'yan wasan, da cewa resilin ba ya yiwuwa sai an cakuɗu jiki da jiki ana numfashi a fuskar juna, ga tsadar matakan kariya, ga kuma jinkirin da zai sa zangon ya fito shekaru bayan na uku. Marc Maron ya yi kira a bainar jama'a a bar su su rufe labarin da fim guda. Ba a yi ba.

To a ina labarin ya tsaya? Ya kai a fara abin da ba shi da ƙarshe?

Ya tsaya a filin jirgin sama. Debbie ta yi wa saurayinta attajiri shigo-shigo ba zurfi, ta haɗa kai da Bash suka saye wata tashar talabijin da shi yake shirin saye. Ta bi Ruth da gudu har bakin ƙofar shiga jirgi, ta ce za ta kafa sabon shirin resilin, tana so Ruth ta zama darakta. A wajen Debbie wannan babbar kyauta ce, hanyar fita daga yawon gwaji da ba ya ƙarewa. A kunnen Ruth kuwa, ƙawarta ce ke gaya mata ta haƙura, ba za ta taɓa zama 'yar wasan da take mafarki ba. Ta ƙi, ta shige jirgi. Carmen ma ta ajiye aiki don ta bi ɗan'uwanta yin resilin na sosai a kan hanya, Sam kuma yana fama da ciwon zuciya da ya ɓoye wa 'yarsa.

Zaruruwa da yawa sun rage a sake, kuma wanda ya kai kashi na talatin zai ji haushi. Duk da haka ina ba da shawarar a kalla. Zango na farko da na biyu kowanne ya rufe kansa daidai gwargwado, wanda ba ya son a bar shi a rataye yana iya tsayawa a ƙarshen na biyu, inda matan suka hau bas zuwa Las Vegas. Mai son sanin yadda ta kaya da matan gaske kuma, sai ya nemi fim ɗin tarihin nan na 2012, inda suke ba da labari da bakinsu, har da yadda aka raba musu masauki, 'yan ekta daban 'yan bos daban, ana cin tarar duk wadda aka gani tana hulɗa da ɗaya ɓangaren a waje.